Yatsun Mama

Shekara huɗu Wendell bai taka gidan uwarsa a Idaho ba, sai ga shi da furanni.

"Mama, tsaya jikin farin bangon nan in ɗauke ki hoto."

Verna ta gyara furfurarta. Ya kama hannunta yana murza yatsun, har ƙwalla ta cika mata ido.

Sai ya zaro tawada da takardu.

"Bututun kashe ƙarar bindiga zan saya da sunanki. Hukuma na son hoto da zanen yatsu."

"Naka yatsun kuturta ce ta cinye?"

"Haba Mama! Tun da aka ɗaure ni kan ɗan marin da na yi wa matata Lorna, sunana ba ya wucewa wajen hukuma."

Ɗan mari! Haƙarƙari uku ya karya wa matar tasa kafin ta gudu.

Verna ta fizge hannunta, ta goge da tsumma kamar ta taɓa mushe.

"Kwashi furanninka, fita."

Ya kai ƙofa ya juyo.

"Af, Mama, kin san inda Lorna take yanzu?"

Verna ta kafe shi da ido, don kada ta kalli benen da Lorna ke ɓoye.