Magarya Arba'in a Wadi Fadima

Magarya arba'in Hashimu ya sa aka rubuta wa hukuma cewa ya dasa, alhali ko ɗaya babu a gonarsa.

Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Manomi ne a Wadi Fadima, bayan garin Makka, jikan wani Bakano da ya zo Hajji ya ƙi komawa. Ambaliyar bara ta cike masa rijiya da yashi, kuma gonar da ba rijiya a ƙasar nan sai sayarwa. Yana cikin wannan baƙin ciki aka yi shela: duk wanda ya dasa magarya a bakin kwari don ta riƙe ƙasa, gwamnati za ta ba shi riyal biyar kan kowace. Kuɗin yashe rijiya ke nan cif.

Maƙwabcinsa Ja'afaru yana da arba'in da yake reno a tukwane, shi ya kawo dabara. Mufattishi, wato mai duba gonaki, zai zo wurin Hashimu ran Asabar, wurin Ja'afaru ran Litinin. Sai a binne tukwanen a gonar Hashimu, idan an duba a tono a mayar.

Ran Alhamis Hashimu ya fita neman ɗan dako. A bakin hanya ya ga wani zaune kusa da jakinsa, ya naɗe fuska da ƙyalle saboda rana. Bai ko yi masa sallama ba, ya daka masa tsawa da Larabci ya yanka masa riyal guda. Mutumin ya dube shi jim, ya gyaɗa kai.

Tun da Hashimu yake bai taɓa ganin malalacin ɗan dako irin wannan ba. Igiya bai iya ɗaurewa ba, sawu biyu hannunsa ya yi kanta, kuma kowane sawu sai ya tsaya ya ƙirga tukwane.

"Ramlatu, zo ki ga hannu kamar na amarya," in ji Hashimu ga matarsa, da Hausa don kada baƙon ya ji.

Ja'afaru ya ce, "Wallahi da mufattishin ya dace. Mutanen ofis ko magarya da tumfafiya ba sa bambancewa."

A sawun ƙarshe mutumin ya saki tukunya ɗaya ta tarwatse. Dole Hashimu ya haƙa rami sosai ya dasa wannan, yana ta masifa, ya kuma zaftare rabin kuɗin dako. Ramlatu ce ta ji kunya, ta ba jakin dusa a bayan bukka.

Ran Asabar da hantsi mufattishi ya iso cikin farar riga fes, da littafi a hammata. Yana sauka jakinsa ya zarce bayan bukka abinsa. Hashimu bai kula ba, hankalinsa duk yana kan rijiya. Ya russuna ya nuna layin itatuwa, ya ce da Larabci cikin girmamawa:

"Arba'in cif, ya sidi. Da hannuna na dasa."

Mufattishi ya buɗe littafi da tafin hannu duk kanta, ya amsa da Hausar Kano tsantsa:

"Guda ɗaya ka dasa, Malam Hashimu, wadda na fasa wa tukunya. Ga riyal biyar ɗinta, kai kuma ka cika wa amarya kuɗin dakonta."