Bulok ɗin Maliki

A hanyar Sandamu motar hayar Maliki ta yi zafi har ta tsaya cak. Kalilu bakanike, abokinsa tun na yarinta, ya sauke injin ya duba, ya ce bulok ya tsage, wato gangar jikin injin. Na alminiyam ne, in zafi ya dafa shi sau ɗaya waldar Daura ba ta riƙe shi. Maliki ya ce shi dai a mayar masa da abinsa gida, Kano zai kai.

Satin ya zo da haihuwa. Matarsa Ikilima tana ɗaki tana jego, mahaifiyarsa Inna Adama kuwa ta tasa gidan a gaba da shara da fitar da tarkace. Ta ce ba za a yi sunan jikanta cikin ƙazanta ba, ba kuma za ta yi aron ko ludayi a maƙwabta ba.

Bayan suna Maliki ya nemi bulok. Kalilu ya ce, "Wallahi da hannuna na ajiye shi a zaurenka, ranar da ka tafi kasuwar Babban Mutum sayen rago." Aka duba zaure, ko noti ɗaya babu.

Maliki ya tuna Kalilu ya taɓa taya bulok ɗin a farashin gwangwan, wato tsohon ƙarfe. Sai kotun shari'a. Unguwa ta ɗauka, direbobi suka fara janye motocinsu daga garejin Kalilu. Alƙali ya nemi shaidu, babu. Kalilu ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, aka sallame shi, ya wuce Maliki ko kallonsa bai yi ba.

Maliki ya dawo gida yana huci. Inna ta zubo masa shinkafa da wake, ya cinye har ya nemi ƙari.

"Duk wanda ya ci moriyar bulok ɗin nan, Allah ya isa! Kada cikinsa ya ga albarka!"

"Amin, ɗan nan," in ji Inna. "Ɓarayi sun yi yawa. Ƙara ci."

Ikilima ta sunkuyar da kai tana jijjiga jariri. Da wane baki za ta faɗa a gaban surukarta cewa ta hango ta labule, ranar da Inna ta kira maƙeri ya ɗauke wani banzan ƙarfe mai ramuka huɗu daga zaure, ya dawo mata da shi tukunya, wadda a cikinta aka dafa shinkafar nan?