Mai Haɗa Rediyo

Tun ranar Lahadi wayoyin suke reto a jikin babur ɗin kamar hanjin kaza. Hajiya Sakinatou ba ta iya wucewa ta ƙofar gida ba tare da ta tofar da yawu ba.

Daga Maradi ɗanta na fari ya ɗauko ta zuwa Greensboro, can ƙasar Turawa, wai ta huta. Ina hutu? Mutum mai shekara arba'in, mai mata da 'ya, ya je ya sayo wani ƙaton baƙin babur mai kukan injin niƙa. Ya sa rigar fata, ya kifa hular kwano, ya fita kamar ɗan daba. Da bazara ya faɗi a kwana. Ita ta yi jinyar gwiwar hannun, ita ta riƙa matse ruwan ciwon tana kau da kai, har yau warin bai bar mata hanci ba.

Bai daddara ba. Sai ga shi da wani rediyo da aka ce daga tauraron ɗan'adam yake kamo tasha, wai zai ɗaura a kan babur. Wato ƙarar injin ba ta ishe shi ba, sai ya toshe kunnensa da kiɗa, mota ta zo ta baya bai ji ba. Ya kwance sirdi, ya ja waya, ya ƙona fis biyu, ya bar kayan a kan teburin da ake cin abinci. Kuma a gabanta ya yi wa Leïla, 'yar shekara shida, alkawari cewa ranar da rediyo ya yi magana zai goya ta su zaga gari.

"Yes, Daddy!" in ji yarinyar, tana tsalle. Hajiya ta ture kwanon tuwonta.

Ranar Laraba da hantsi gidan ba kowa sai ita. Ɗan yana wurin aiki, matarsa Hindou ma haka, yarinya tana makaranta. Ta leƙa taga ta ga wani mutum tsugune a gefen babur da leda a hannu. Ta yafa mayafi ta fito.

Ganin ta, sai ya durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Mama? Ina gajiya? Sunana Boukari. An aiko ni in haɗa rediyon moto."

Hausarsa tas, ta mutanen gida. Rabonta da a durƙusa mata tun a Maradi. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi titi, ba ta ga motar da ta kawo shi ba.

"Habibou ne ya aiko ka?"

"Shi ne, Mama. Habibou. Tare muke sallar Juma'a."

Ta koma ciki ta kwaso masa kayan teburin gaba ɗaya.

Aiki dai ya iya. Ya ɗaure mariƙin rediyon a hannun babur ya matse noti. Ya manna 'yar eriyar, abu kamar marfin kwalba, a bayan sirdi. Ya bi da waya ta ƙarƙashin tanki har zuwa batir, ya sa sabon fis, ya naɗe mahaɗin da baƙin salatif yana gutsurewa da haƙori. Bayan kowane noti sai ya ɗaga kai ya kalli titi.

Hajiya ta kawo masa ruwa. Yana sha tana kallon faratansa, baƙi ƙirin, da datti a wuyan rigarsa. Da ya miƙo kofin, da gefen mayafi ta karɓa.

"Saura gwaji, Mama. Sai an kunna moto."

Ta ɗauko makulli daga ƙusar da ke bayan ƙofa. Inji ya tashi, gilashin taga ya hau rawa. Fuskar rediyon ta kawo haske, ya yi 'yar waƙa, ya ɗauke.

"Itatuwan nan ne," in ji shi, yana nuna manyan rassan da suka rufe layin. "Wannan ba ya kamawa sai ya ga sararin sama. Bari in kai shi bakin titi in dawo."

"Tsaya," ta ce. Ya daskare. Ta shiga ta fito da hular kwano da rigar fatar. "Ka sa. 'Yan sandan garin nan ba su da mutunci."

Ya sa, ya ja, ya sha kwana. Ta wanke kofin da omo da ruwan zafi, ta share wurin da babur ɗin yake tsayawa, ta yayyafa ruwa.

Da la'asar ɗan ya dawo a motar Hindou. Tun daga waje ta ji muryarsa.

"Inna! Ina moto?"

"Yaron da ka aiko ya tafi gwaji."

"Wane yaro? Ni ban aiko kowa ba! Inna, makulli kika ba shi? Har da hula?"

"Ni me na sani? Ya durƙusa ya gaishe ni, abin da wasu ba sa yi."

Ya dafe kai ya zauna a dakali. Leïla ta fashe da kuka. Hindou ta riƙa jijjiga kafaɗarsa tana cewa, "Kader, tashi ka kira police! Kader!"

Hajiya ta koma kicin ta ɗora tukunya. A zuri'arsu kaf babu mai suna Habibou, kuma tun ranar da ta haifi ɗanta na fari bakinta bai taɓa furta sunansa ba.