Jinin Salwar Aro

An yi wani mutum da ya sayar da shanun huɗarsa ya kama kiwon salwa. Ya cika bayan gida da keji, ƙwai na fita tire-tire, da shi ake cefane. Sai dai Allah ya yi shi da zargi, irin mutanen nan da ko gaishe su ka yi da fara'a sai sun shafa aljihu. Da tsuntsayen suka fara takurewa, fukafukai a sake, suna ƙin abinci, ya zargi mai sayar da dusa, ya zargi bakin maƙwabta, har matarsa ba ta tsira ba. Ita ce ta gaji ta kirawo likitar dabbobi. Likita ta ce za ta ɗan ɗebi jini a ƙarƙashin fiffiken wasu, ta je ta ƙirga ƙwayoyinsa, domin farare daga cikinsu su ne sojojin jiki, yawansu ke nuna ko ana yaƙi da cuta a ciki. Sai zargin nan nasa ya motsa. A ina aka taɓa ƙirga jini kamar gero? Ya tuna shekarar murar tsuntsaye, da aka bi gida-gida ana hallaka kaji, ya ce a ransa wannan matar dalilin hallaka masa su kawai take nema. Sai ya ce ta dawo gobe.

Da yamma ya tafi gidan ƙaninsa, shi ma mai kiwon salwa, ya aro ƙosassu, ya ɗaura musu zare a ƙafa, ya zuba su cikin nasa suka kwana tare. Da safe shi da kansa ya kamo mata su, ta ɗebi jini, ya mayar wa ƙaninsa kayansa yana dariyar ƙeta. Likita ta aiko cewa jini lafiya lau, ba sa bukatar magani, a ƙara musu inuwa da ruwa kawai. Ya ji daɗi ƙwarai, wai ya yi wa boko wayo. Mako bai zagayo ba ya koma kwashe gawa da tsintsiya da kwando. Likita ta dawo cikin mamaki, ta kamo ɗaya da hannunta, ta gwada, ta tarar sojojin jikin sun kusa ƙarewa.

Ta ce, "Malam, wannan ba jinin da ka ba ni ba ne. Da shi na gani ran nan, maganin da ake zubawa a ruwan sha ya ishe su."

Tana rufe baki, sai ga sallamar ƙaninsa a ƙofar gida, riƙe da matacciyar salwa, zaren nan yana nan a ƙafarta, yana cewa cuta ta shiga kejinsa, bai san ta inda ta biyo ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.