Kabewar Ƙarƙashin Benci

Kabewar tana hannuna sa'ad da masu neman aure suka ƙwanƙwasa ƙofa. A ƙauyenmu na gefen Poltava, budurwa ba ta cewa ba ta so. Kabewa take miƙa wa saurayi, ya kwashi kunyarsa ya fice.

Sai wani dogo ya sunkuyo ya shigo, burodin neman aure a hannunsa, ruwan sama yana ɗiga daga sumarsa. Sau ɗaya ya dube ni, na ji ya kwanta mini a rai. Na tura kabewar ƙarƙashin benci da ƙafa, na ɗauko ƙyallen amincewa da na yi wa surfani, na ɗaura masa a kafaɗa tun bai gama jawabi ba.

"Ke, wannan rawar jikin fa?" in ji Mama.

Dogon ya tuntsire da dariya, ya leƙa waje. "Shigo, matsoraci! Ta yarda."

Ashe mai neman yana raɓe a bayan ƙofa. Dogon wansa ne, wakili kawai, da matarsa a gida.

Yau gashina ya yi fari fat. Duk taron dangi, mijina sai ya ɗaga kofi ya ce, "Tsohuwar nan ko ganina ba ta yi ba ta amince. So ke nan!" Wansa ya yi ta tafi daga ƙarshen tebur.

Ni kuwa sai in tashi in zubo faten kabewa, in fara da kwanon mijina. Shekara da shekaru ina miƙa masa kabewa, shi kuma cewa yake a ƙaro.