Madarar Si Larbi

Si Larbi mai fesa fenti ne a wata masana'antar kayan jirgin sama a Nuwasar, bayan garin Kazablanka. Ranar da aka bar iyalan ma'aikata suka shiga, matarsa Hadda ta tsaya gaban murfin injin wani jirgi da ya fesa wa fenti. Namiji zai miƙe a cikinsa ya ɗaga hannu bai taɓo sama ba. Fari ƙal, yana sheƙi har ta hango ɗankwalinta a jikinsa.

"Kai ka yi wannan?"

"Da hannun nan da kike cewa bai iya zuba shayi ba."

Ya ce mata ko silin gashi ya faɗa kan ɗanyen fenti sai an kankare an sake. Wannan fentin zai ratsa gajimare, ya sha sanyin da ke daskarar da ruwa, bai ɓamɓare ba. Hadda ta koma gida tana tasbihi.

Abin da ba ta gani ba shi ne yadda yake aikin. In gilashin takunkuminsa ya yi hazo, sai ya ɗage shi don ya ga ƙyallin fentin da idonsa.

Abokin aikinsa Mbarek yakan ce, "Ɗan'uwa, sauke abin nan. Jirgin ba amaryarka ba ne."

"Bar ni, malam matsoraci. In an tashi zan sha madara."

Haka suka gada daga tsofaffin masu fenti, wai madara tana wanke dafin. Hadda da kanta take sa masa kwalba a jaka kowace safiya. Da tari ya fara, sai ta mayar da ita biyu.

Lokacin da suka je asibiti, ba ya iya hawa bene sai ya zauna a hanya. Likita ta ɗaga hoton ƙirjinsa ta daɗe tana kallo.

Hadda ta ce, "Amma bai taɓa fashin madara ba."

Likitar ta ce cikin girmamawa, "Lalla Hadda, madara ciki take tafiya. Fenti huhu ya shiga."

Si Larbi bai kai azumin shekarar ba ya rasu. Mbarek ne ya kawo mata takunkumin daga ma'ajiyar mijinta a masana'anta, kamar sabo, ko igiyarsa ba ta saki ba.

Jama'a, duk gwanintar mutum, huhunsa nama ne. Wanda aka ba shi abin kariya a wurin aiki ya sa shi, kuma na gida su tambaye shi ko yana sawa. Abin da aka shaƙa, babu abin sha da ke fito da shi.