Fiffiken da Kalmet ya gyara

Kalmet ya ja bel ɗin kujerar matarsa Leitau sai da ta yi ƙara, sannan ya zauna a tasa ya ɗaure. Jikarsu tana ƙirjin Leitau, naɗe cikin zane. Uwarta, 'yarsu Ruti, na can Ostireliya tana tsinkar inabi, ta bar musu ita amana. Yarinyar ko haƙori ba ta fitar ba, kuma ita kaɗai ce a cikin jirgin da guguwar ba ta dama ba.

Rediyo ya ce guguwar za ta bi ta gabas da tsibirin Efate ta faɗa teku. Da alama ba a sanar da guguwar ba.

Jirgin ya ɗaga, ya dawo da ƙarfi, haƙoran Kalmet suka haɗu. Tukunyar doyar da Leitau ta dafa da ruwan kwakwa ta sulale ta bi tsakanin kujeru, kwandon kaza ya bi bayanta, kazar na ta kuka. Inji dai ko tari babu, dama da hagu. Daga ɗakin matuƙi babu muryar da ta ce kowa ya kwantar da hankalinsa, sai ƙofa da ke buɗewa tana rufewa.

"Injiniya," in ji Leitau. Haka take kiransa in tana so ta ji masa ciwo. "Da ka ji maganata, da yanzu muna coci tare da mutane."

"Cocin da rufinsa ke yoyo ko ba a yi ruwa ba?"

"Yoyo bai taɓa kashe kowa ba, mai ilimi."

Kalmet ya juya ga taga. Idonsa na kan fiffiken hagu.

Yawancin rayuwarsa ya yi ta ne yana gyaran ƙananan jiragen da ke tsalle daga tsibiri zuwa tsibiri, amma wannan ya fi sanin jikinsa fiye da fuskokin 'ya'yansa. Fiffiken nan shi ya gyara shi, bayan wani matuƙi ya goge shi da bishiyar kwakwa a filin ciyawa. Baturen da ya zo daga Brisbane duba aikin ya yi ta shafawa yana neman inda aka haɗa, bai samu ba. Tun daga ranar Kalmet bai bar gishirin teku ya ci ko ƙusa ɗaya ba. Duk rani sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kankare tsatsa, ya shafa mai.

Wan Leitau ya taɓa tsayawa ƙarƙashin fiffiken, ya ɗaga kai ya ce, "Suruki, wannan abin ne ajalinka." Kalmet ya yi masa bayani, cikin ladabi, a kan bambancin wanda ya yi karatu da wanda ke kamun kifi.

Yanzu ga fiffiken ta taga yana lanƙwasa sama yana dawowa, daidai yadda aka ƙera shi ya yi. Ƙusa ko ɗaya ba ta motsa ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Kalmet bai taɓa jin tsoron aikin hannunsa irin na yau ba.

Ganyen kwakwa ya gifta ta taga. Bayansa kwanon rufin wani ya wuce yana juyi. Ba abubuwan da mutum ke son gani ta tagar jirgi ba ne.

Sai wani abu ya tsinke a ƙarƙashinsu, ya zabgi cikin jirgin kamar bulala. Igiyar ƙarfe ce. Kalmet ya san ko wacce ce, don shi ya ɗaure ta, ya kuma san nauyin da aka ce za ta ɗauka. Ya fara lissafin abin da ya rage wa sauran, ya ga inda lissafin ya nufa, ya bari.

Hancin jirgin ya ɗan ɗaga. Tukunyar ta dawo ta wuce su zuwa baya. Yarinyar ta farka ta tsala kuka, amma bakinta kawai suke gani a buɗe, iska ta cinye sautin.

"Baban Ruti." Leitau ta kama hannunsa, farcenta ya shige. Rashin kiransa Injiniya ya fi ƙarar igiyar razana shi. "Mu buɗe ƙofa mu fita."

"Mu fita zuwa ina, Mama?"

"Ko ina. 'Yar mutane ce a hannuna."

Ya dubi ƙofar. In ya murɗa hannun nan, kafin Leitau ta taka ko'ina iska ta fizge yarinyar daga ƙirjinta. In bai murɗa ba, su ukun suna hannun fiffiken. Ya sa tafinsa a bayan jaririyar, ya ji zuciyarta na bugawa da sauri kamar ta tsuntsu.

Wata igiyar ta tsinke, wata ta bi ta.

Kalmet ba ya shiga coci sai an yi rasuwa, amma ya rufe ido ya yi addu'ar da wataƙila babu makanikin da ya taɓa yin irinta. Ya roƙi Ubangiji ya sa a ce ya yi kuskure a wani wuri, ƙusa ɗaya ko ta yi sako-sako, fiffiken ya karye ya tafi abinsa.

Ba a karɓa ba. Girgizar ta tsaya cak, komai ya yi laushi, irin laushin da duk wanda ya taɓa shiga jirgi ya sani.

Ya buɗe ido ya leƙa ƙasa. Ga madafar Leitau, ga igiyar shanya, ga tubalan simintin da ya ɗora tsohon jirgin a kai tun shekarar da kamfani ya jefar da shi, hancinsa na kallon iska kamar yadda kowane makaniki ke ajiye jirgi, duk suna ƙanƙancewa: gidansu ya tashi.